Erice ko Caltabellotta: wane garin kan dutse za ka hau a yammacin Sisili?

A watan azumin shekarar 580 bayan Hijira, wato ƙarshen 1184, matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, ya sauka a Trapani, wani gari na bakin teku a kusurwar yammacin tsibirin Sisili. Daga aikin Hajji yake komawa gida. Jirgin ruwan da ya ɗauko shi ya farfashe a gaɓar Messina, shi ne ya ratso tsibirin har ya iso nan yana jiran wani jirgin da iska mai kyau. A Trapani ya yi ƙaramar Sallah, ya ga Musulmin garin sun fita filin idi da ganguna da ƙahoni alhali sarkin ƙasar Kirista ne, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Duk lokacin da ya ɗaga kai kuma, ga wani dutse nan tsaye a kan garin, ana ce masa Jabal Hamid, da kagara da gari a bisansa. Ya rubuta cewa ba a barin Musulmi ya hau. Wajen wata uku ya yi a gindin dutsen, har ya tafi bai taka samansa ba.

Garin da ke kan wannan dutse yau sunansa Erice, ana furta shi Eriche, kuma minti goma kacal ke kai ka can daga bakin Trapani a cikin jirgin igiya. Shi ne garin da kusan kowa zai ambata maka idan ka ce kana son ganin tsohon garin kan dutse a wannan ɓangare na Italiya. Amma akwai wani, wajen awa biyu a mota daga can, mai suna Caltabellotta, wanda baƙi ba su cika zuwa ba. 'Yan'uwanmu da ke aiki ko karatu a Italiya, da waɗanda suka samo biza suka zo ziyara, galibi kwana uku ko huɗu gare su a Sisili, kuma tsibirin ba ƙarami ba ne, shi ne mafi girma a Bahar Rum. Hanyoyin cikin duwatsu suna cin lokaci fiye da yadda taswira ke nunawa. Don haka yawanci sai dai a zaɓi ɗaya.

Wajen sauƙin zuwa babu abin jayayya, Erice ne a gaba. Trapani na da filin jirgin sama a Birgi, motocin bas kuma suna zuwa daga Palermo sau da yawa a rana. Jirgin igiyar, wanda 'yan ƙasar ke kira funivia, yana tashi daga unguwar Casa Santa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 3 a sararin sama, ya ajiye ka dab da ƙofar garin, Porta Trapani, a tsayin mita 750 daga teku. Abu ɗaya za ka kiyaye: idan iska ta yi ƙarfi ana tsayar da shi, kuma da damina da hunturunsu akan rufe shi na wani lokaci don gyara. A irin wannan rana sai ka bi hanyar mota mai lanƙwasa kamar maciji, ko ka jira bas. Caltabellotta kuwa tana lardin Agrigento, kimanin kilomita 20 daga garin Sciacca na bakin teku. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Sciacca, balle ita. Bas ɗin da ke hawa ba shi da yawa, ranar Lahadi ma ya fi ƙaranci. Wanda ba shi da motar haya, ko abokin da zai kai shi, zai sha wahala, kuma gara a faɗa masa tun yanzu.

Idan ka shiga Erice, abin da zai fara kama idonka shi ne ƙasa. An shimfiɗe titunan da duwatsu farare masu santsi, an zagaye kowane murabba'i da dogayen duwatsu, tsakiyar kuma an cika ta da tsakuwa, kamar saƙar tabarma. Ƙafafun mutane na ɗaruruwan shekaru sun goge su har suna ƙyalli. Garin yana da siffar alwatika, ba ya da faɗi, awa uku ta isa ka zaga shi a tsanake. Wasu lungunan ƙunci gare su har mutum biyu ba sa iya giftawa tare, kuma idan ka leƙa ta ƙofar da aka bari a buɗe za ka ga tsakar gida da tukwanen furanni da rijiya, ɗakuna sun kewaye ta, irin ginin da duk wanda ya tashi a gidan gargajiya zai gane hikimarsa nan take: waje bango, ciki rayuwa.

Tarihinsa ya girmi na Rumawa. Wata al'umma da ake kira Elimawa ce ta kafa shi, sannan Finikawa da mutanen Kartaj, wato daular da ke inda Tunisiya take a yau, suka zo. A gefen arewa maso yamma, tsakanin Porta Trapani da Porta Carmine da Porta Spada, ganuwar tana nan. Ka tsaya ka dubi gindinta: manya-manyan duwatsu ne da aka ɗora ba tare da laka ba, a jikin wasu kuma akwai haruffan Finikawa da masu sassaƙa suka yi wa alama, fiye da shekara 2,000 ke nan. Wanda ya yi karatun allo zai ji wani abu a ransa a wurin, domin haruffan nan dangin alif da ba ne, daga saiwa ɗaya suka fito. A ƙarshen yaƙin farko tsakanin Rum da Kartaj, daga 244 zuwa 241 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, jagoran yaƙin Kartaj Hamilkar Barka, mahaifin Hannibal, a kan wannan dutse ya kafa sansani ya hana Rumawa sakat.

Abin da ya sa sunan dutsen ya zaga Bahar Rum a wancan zamani shi ne ɗakin bautar wata gunkiya da ke ƙolinsa. Finikawa na ce mata Astarte, Girkawa na ce mata Afrodite, Rumawa na ce mata Venus, matuƙan jiragen ruwa kuma suna hango wurin daga nesa su san inda suke. A ƙarni na 12 Normawa, waɗanda suka karɓe Sisili daga hannun Musulmi, suka gina kagara a kan kufan ɗakin, ita ce ake kira Castello di Venere har yau. Su ne kuma suka sauya sunan garin zuwa Monte San Giuliano, sunan da ya ɗauka har 1934 lokacin da aka maido masa da tsohon sunansa. Kusa da ƙofar shiga akwai babbar coci da aka fara ginawa a 1314, da hasumiya a gefenta wadda asali ta tsaro ce, don hango jiragen abokan gaba. Daga lambun Balio, kusa da kagarar, kana ganin Trapani a miƙe cikin teku kamar lauje, da filayen gishiri suna walƙiya, da tsibiran Favignana da Levanzo da Marettimo. A ɗaya gefen kuma ga dutsen Cofano ya tsoma ƙafa cikin ruwa. Mutanen wurin suna cewa a ranar da sama ta washe sarai ana iya hango gaɓar Tunisiya.

Sai dai wannan kallo ba kullum ake samunsa ba. Erice garin hazo ne, kuma ba hazon ƙura irin na hunturunmu ba, gajimare ne da kansa yake sauka ya shiga lunguna. Kana tsaye rana na haskawa, kafin ka gama shan shayi hasumiyar da ke gabanka ta ɓace, rigarka ta yi danshi, duwatsun ƙasa sun zama kamar an zuba musu sabulu. Ko a watan Yuli, lokacin da Trapani ke tafasa, ka tafi da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa. Kafin ka sayi tikitin hawa, ɗaga kai ka dubi dutsen tukuna. Idan ya sa hula, ka jinkirta.

Babban abin da ke damuna game da Erice shi ne mutanensa sun sauka. Ƙaramar hukumar tana da mutum fiye da 20,000, amma kusan dukkansu a ƙasa suke, a Casa Santa da kewaye. Waɗanda ke kwana a tsohon garin 'yan ɗaruruwa ne. Da rana manyan motoci suna zubo baƙi, babban titin ya cika da shagunan tangaran da dardumomi da kayan tsaraba, da yamma kuma a watse a bar gari tsit. Akwai wata rayuwa ta daban da ke riƙe shi: cibiyar kimiyya mai sunan Ettore Majorana, wadda masanin kimiyyar fiziks Antonino Zichichi ya kafa a 1963, tana amfani da tsofaffin gidajen ibada a matsayin ɗakunan lacca, masana daga ko'ina a duniya suna zuwa taro. Amma su ma baƙi ne. Wanda ke son ya ga Erice a yadda ya dace, ya kwana a ciki, ya fito da sassafe kafin jirgin igiya ya fara aiki.

Caltabellotta tun daga sunanta take ba ka labari. Larabci ne, Ƙal'atul Ballut, wato kagarar itacen ballut, wata ƙatuwar bishiya ta ƙasashen sanyi mai 'ya'ya masu ɗan murfi a ka. Duk garin Sisili da ka ji sunansa ya fara da Calta ko Calata, irin su Caltanissetta da Caltagirone da Calatafimi, wannan kalma ta ƙal'a ce a ciki. Kuma akwai zare da ya haɗa mu da wannan tarihi wanda da yawa ba su lura da shi ba. Wanda ya jagoranci rundunar Musulmi da ta sauka a Mazara a 827 ba wani basarake ba ne, malamin fiƙihu ne, Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Mas'alolin da ya tattara su ne Sahnun ya gyara ya faɗaɗa, aka samu ginshiƙin mazhabar Malikiyya da malamanmu na zaure ke karantarwa har gobe. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, Caltabellotta kuma wajen 840, ta zauna a hannunsu kimanin shekara 250 kafin Normawa su karɓe ta a ƙarshen ƙarni na 11.

Wanda ya ga wurin zai gane abin da ya sa kowane mai neman mafaka ya nufo shi. Gidajen sun manne a ƙirjin wasu tsaunuka masu tsini, mafi tsayinsu ya kai mita 949, wato ya ɗara Erice da kusan mita 200. Masana tarihi suna ganin a nan ko dab da nan tsohon garin Triocala yake, inda bayin da suka yi wa Rumawa tawaye daga 104 zuwa 100 kafin haihuwar Annabi Isa suka kafa hedkwatarsu. Wani bawa mai suna Salvius ya naɗa kansa sarki, bayan mutuwarsa Atenion ya gaje shi, kuma sai da Rum ta aiko runduna bayan runduna kafin ta murƙushe su. A 1194 sarauniya Sibilla ta ɓoye ɗanta ƙarami, William na Uku, sarkin Normawa na ƙarshe, a kagarar nan don gudun sarkin Jamus Henry na Shida. An lallashe su suka sauko, daga baya aka kama su aka kai Jamus. Sannan a ranar 31 ga Agusta, 1302, aka ƙulla sulhun da ke ɗauke da sunan garin, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 20 da ya faro daga boren mutanen Palermo a kan Faransawa a 1282. Frederick na gidan Aragon ya riƙe tsibirin, Charles na gidan Anjou, ɓangaren Faransawa, ya riƙe Napoli da kudancin Italiya, aka ɗaura auren Frederick da 'yar Charles, Eleanor, don sulhun ya zauna. Gari ne na mutum 3,000 da ɗoriya, amma wannan nauyi yake ɗauke da shi.

Abin gani a nan ba a jere yake ba kamar na Erice, sai ka nema. A tsohuwar unguwar Terravecchia, a wani fili tsakanin tsaunuka, akwai babbar cocin garin da ake danganta gininta da zamanin Roger, jagoran Normawa, ita kaɗai tsaye, ciyawa da duwatsu kewaye da ita. Daga nan matakala da aka sassaƙa a jikin dutse suke hawa zuwa ragowar kagarar. Kagarar kanta ta rushe, saura ƙofa da guntun bango, amma hawan ne abin zuwa. Idan ka kai ƙoli, numfashi na fita da ƙyar, sai ka ga rufin gidaje ja-ja a ƙarƙashin ƙafarka, kwarin kogin Verdura da gonakin lemon Ribera sun miƙe har teku, bayanka kuma tuddai ne a kan tuddai har inda ido ya gaza. A hanyar shiga gari za ka ga ramuka a jikin dutse kamar tagogi, kaburbura ne na mutanen da suka zauna nan tun kafin zuwan Girkawa. A gefen yamma kuma gidan ibada na San Pellegrino ya lafe a bakin gangare, da kogo a ƙarƙashinsa.

Ni abin da ya fi jan hankalina a Caltabellotta shi ne gari ne da ake zaune a cikinsa. Manoma ne, zaitun suke nomawa, musamman irin da ake kira biancolilla. Idan ka je a Oktoba ko Nuwamba, lokacin girbi, za ka gamu da ƙananan motoci masu ƙafa uku ɗauke da akwatunan zaitun suna nufar wurin matsa, man kuma yana fitowa kore shar, da ɗan ɗaci da yaji a maƙogwaro. A yanka burodi mai zafi, a zuba masa man da ɗan gishiri, shi ke nan abinci ya haɗu. Tsofaffi suna zaune a dandali suna bin baƙo da ido, idan ka gaishe su da buongiorno za su amsa da fara'a. Amma ka san cewa wannan rayuwa ba don kai aka tsara ta ba. Daga wajen ƙarfe 1 na rana zuwa 4 gari yana rufewa, coci-cocin sau da yawa a kulle suke, masu jin Turanci kaɗan ne, masauki da gidajen abinci kuma ba su da yawa. Wanda ya je ba shiri zai iya yini da yunwa.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa duk wanda tarihin Musulunci ne ya kai shi: a garuruwan nan biyu ba za ka ga masallaci ko ginin da ya rage daga wancan zamani ba. Daga shekarun 1220 zuwa 1246 sarki Frederick na Biyu, ɗan Henry na Shida, ya kwashe ragowar Musulmin Sisili ya kai su Lucera a kudancin Italiya, a 1300 kuma aka tarwatsa wannan matsuguni ma. Abin da ya rage yana cikin sunaye da harshe da gona. Manomin Sisili har yau yana ce wa tafkin ban ruwa gebbia, magudanar ruwa saia, furen lemo zagara, duk daga Larabci. A wannan fuska Caltabellotta ta fi, domin kana ganin ƙasar da aka noma da sunan da aka bar mata. Mai son ganin aikin hannun magina da masu zane Musulmi kuwa, Palermo zai je: fadar Zisa, da rufin ɗakin ibada na fadar Normawa, da ginshiƙin da ke ƙofar babbar cocin birnin wanda har yanzu ayar Alƙur'ani ke sassaƙe a jikinsa.

Batun abinci yana bukatar kula. Erice ya shahara da kayan zaƙi na almon, waɗanda asali mata masu zaman ibada a gidajen coci ke yi, da wani ɗan fanke mai madara a ciki da ake kira genovese, ana cin sa da zafinsa. Amma a Sisili ana yawan sa kitsen alade a ƙullun kayan gashi, sunansa strutto, wasu kayan zaƙin kuma ana ɗiga musu giyar Marsala. Ka riƙe kalmomin nan biyu, ka tambaya kafin ka saya, ba wanda zai ji haushi. Abin da ya fi kwantar da hankali a yankin Trapani shi ne kuskus da romon kifi, wanda ake murzawa da hannu a turara a tukunyar ƙasa, kusan yadda ake yin burabusko. A Caltabellotta kuwa abincin tudu ne, nama ya fi yawa, don haka ka tsaya ga taliya da kayan lambu da cuku da zaitun, kifi kuma ka bari sai ka sauko Sciacca, wadda tashar masunta ce babba.

To wanne za a zaɓa? Idan yini ɗaya gare ka, ba ka da mota, ko kana tare da iyaye ko ƙananan yara, ka hau Erice, ba za ka yi nadama ba. Komai a kusa yake, ganuwar Finikawa kaɗai ta biya kuɗin hawa, kuma akwai daɗi a ce ka taka inda aka hana Ibn Jubair takawa. Ka dai riƙe hannun dattijo idan ƙasa ta jiƙe, ka kuma sa rai cewa kuɗin abinci da masauki sun fi na ƙasa. Amma idan kana da mota da kwana biyu da ƙafar hawa, ni Caltabellotta zan tura ka, ba tare da wani jinkiri ba. Erice an gyara shi don a nuna maka, ita kuwa za ka same ta ne tana cikin harkarta, kuma labarin da ke kanta ya fi kusa da namu. Watannin Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi dacewa da duka biyun.

Wanda Allah ya hore masa kwana uku kuma zai iya haɗa su a tafiya ɗaya. Ya kwana a Erice, ya sauko da safe ya bi hanyar gaɓa ta Marsala zuwa Mazara del Vallo, inda Asad ɗan Furat ya sauka. A yau masunta 'yan Tunisiya da iyalansu suna zaune a tsohuwar unguwar da ake kira Casbah, akwai masallaci da mahauta masu yankan halal. Idan ya daidaita tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, sai ya yi sallah a nan, ya sayi guzuri, ya wuce Sciacca, ya kama hanyar hawa tun rana ba ta faɗi ba, domin lanƙwasar ƙarshe kafin Caltabellotta ba ta da daɗin bi cikin duhu.